Kyamarar daji mai araha: littafin bin sawun barewa a Wiskonsin

Asabar, 19 ga Yuli, 2025

Mai gonar ya amince in yi farauta a filinsa bana. Wurin yana ƙaramar hukumar Ayowa, yamma da Madison, babban birnin jihar Wiskonsin ta Amurka, rabinsa masara da waken soya a cikin kwari, rabi kuma kurmin itacen ok a kan tudu. Sharaɗinsa shi ne kada in buga ƙusa a jikin itacensa, kuma in fara da matan barewa, domin su ne ke cinye masa wake. Hakan ya yi mini daidai. Ni nama nake nema, ƙaho ba ya shiga tukunya.

Matsalar ita ce lokaci. Tafiyar kusan awa guda ce daga gida, Litinin zuwa Juma'a ina wurin aiki, ga shi babban lokacin harbi da bindiga a jihar nan kwana tara ne kacal. Ana buɗewa ranar Asabar ta kafin bikin godiya na Amurkawa, wato bana daga 22 zuwa 30 ga Nuwamba. Wanda bai san inda barewa ke bi ba tun kafin ranar, zaman sanyi kawai zai je ya yi. Shi ya sa zan sayi kyamarar daji, irin wadda ake ɗaurewa a jikin itace a tafi a bar ta, duk abin da ya gifta ta ɗauke shi da kanta.

Na ware dala 250, har da batura da katin memori da igiyar kulle. Wannan kuɗi ba zai sayi kyamarar kamfanin Reconyx ko guda ɗaya ba. Ita a nan jihar ake haɗa ta, a garin Holmen, masu bincike na yabonta, amma tana kai wa kusan dala 400. Masu aiko hoto ta waya, irin su Tactacam da Spypoint da Moultrie, na ajiye su gefe tun yanzu. Spypoint na da tsarin hoto 100 kyauta a wata, abin da ya wuce nan kuma biya ne, amma ba kuɗin ne ya hana ni ba: da na sauka cikin kwarin wayata ko layi ɗaya ba ta nuna.

Asabar, 26 ga Yuli

Na sha karatun bayan kwalaye a shagon kayan farauta. Kowace kyamara abin da take fara ɗagawa shi ne megapiksel, wato ma'aunin yawan ɗigon da ke cikin hoto: wannan 24, waccan 36, wata ma 48. Yawancin wannan lissafin na dillalai ne. Ainihin idon da ke cikin irin waɗannan kyamarori ƙarami ne, sau da yawa bai wuce megapiksel 2 zuwa 5 ba, sai manhajar ciki ta buɗa hoton ta cike gurbin da ƙiyasi. Hoto ya yi nauyi, kati ya cika da wuri, amma gashin barewa ko ɗaya bai ƙaru a ciki ba.

Da na zauna na tambayi kaina me nake so hoton ya faɗa mini, sai na ga abin kaɗan ne. Mace ce ko namiji, daga ina ta fito, ina ta nufa, kuma ƙarfe nawa. Siririn layin nan da ke ƙasan hoto, mai ɗauke da kwanan wata da lokaci, shi ne ainihin abin da zan biya kuɗi a kansa. Ko hoton bai yi kyan da za a rataye a bango ba, in dai dabbar tana ciki kuma agogon bai yi ƙarya ba, bukata ta biya.

Don haka abin dubawa shi ne saurin ɗauka. Kyamarar ba ta kallon daji yini guda. Barci take yi don kada ta cinye batir. Abin da ke a farke shi ne wani ƙaramin ido mai jin ɗumi, a bayan wata roba mai tsage-tsage da ke raba filin gabanta gida-gida. Idan abu mai ɗumin da ya bambanta da na wurin ya ƙetara daga wannan gida zuwa wancan, sai ya tashe ta. Tsakanin tashi da ɗauka ake asarar dabba. A nisan mita 5, kyamara mai buɗin digiri 40 faɗin da take gani bai kai mita 4 ba. Barewa mai tafiya a natse tana cin fiye da mita guda a daƙiƙa. In ba a ji ta ba sai da ta iso tsakiya, kuma aka ƙara daƙiƙa guda kafin a ɗauka, to kai ya riga ya fita, sai ka samu cinya da wutsiya.

Na sayi uku don gwaji. Ɗaya ta dala 30 daga babban kanti, ɗaya ta dala 45 ta intanet mai sunan da ban taɓa ji ba, ɗaya kuma samfurin bara na wani sanannen kamfani da aka karya kuɗinta zuwa dala 70. Yara sun riga sun raɗa musu suna: 'Yar talatin, 'Yar intanet da Babba.

Asabar, 2 ga Agusta

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Na ɗaure su uku a jikin shingen bayan gida, ɗaya bisa ɗaya, na auna ƙasa da tef na ajiye bokiti a mita 5, da 10, da 15. Babban ɗana shi ne barewa. Na ce ya riƙa ƙetarawa da tafiya irin ta wanda aka aika, sannan da sassarfa, sannan ya nufo su kai tsaye.

"Baba, in rusuna ne? Ai barewa ba ta kai tsawona ba."

Gaskiyarsa. Sai ya riƙa wucewa a duƙe, ƙannensa na ta ƙyalƙyala dariya a bakin ƙofa.

A mita 5 Babba ta kama shi a tsakiyar hoto kusan kowane wucewa. 'Yar talatin takan same shi ya kusa fita, amma yana ciki. 'Yar intanet, wadda kwalinta ya yi alkawarin kashi biyu cikin goma na daƙiƙa, ta fi kawo mini bokiti shi kaɗai, wani lokaci da dunduniyar yaro a gefe. A mita 15 Babba ce kaɗai ke jin sa a kai a kai.

Abin da ya fi amfani a gwajin shi ne na ƙarshe. Da ya nufo su kai tsaye, dukkansu sun yi jinkiri, har da Babba, sai da ya matso sosai suka farka. Dalili a fili yake: mai tahowa kai tsaye yana cikin gida ɗaya na idon ne, bai ƙetara komai ba. Wannan ba laifin araha ba ne, haka aka gina na'urar, kuma shi zai nuna mini yadda zan kafa su a daji.

Akwai kuma tazarar da kyamara ke bukata kafin ta sake shirin ɗauka. Matan barewa a jere suke tafiya, uwa a gaba, 'ya'ya a baya. 'Yar talatin na bukatar daƙiƙu da dama tsakanin ɗauka da ɗauka, sai na saita ta ta riƙa sakin hoto uku a tashi guda.

Asabar, 9 ga Agusta

Gwajin dare. Fitilar waɗannan kyamarori iri biyu ce, duka infirared, wato hasken da idon mutum ba ya gani sosai. Mai lamba 850 takan yi ɗan ja-ja kamar garwashi in ka kalle ta, amma ta fi haske da nisa. Mai lamba 940 ido ba ya ganin ta ko kaɗan, sai dai haskenta ya fi rauni, don haka kyamara kan bar idonta a buɗe ya daɗe, abu mai motsi kuma ya fito a shafe. Babba da 'Yar talatin masu ja ne. 'Yar intanet marar ja ce, kuma a hotonta na dare yaron ya zama farin hayaƙi mai ƙafa huɗu.

Mafarauta na gardama a kan ko jan nan na korar barewa. A gonar da ba kowa ke shiga ba ni ban damu ba. Wanda zai kafa a filin gwamnati shi ya kamata ya nemi marar ja, kuma ba don barewa ba, don masu ƙafa biyu.

Abin da ya yanke hukunci bai shafi hoto ba. Na cire baturan kowace na mayar, kamar yadda zan yi a daji. Biyu sun riƙe lokacinsu. 'Yar intanet ta koma 1 ga Janairu na wata shekara da ta wuce, ƙarfe goma sha biyun dare. Na sake gwadawa, haka. Kyamarar da za ta manta ranar da take ciki duk sa'ad da batir ya ɗan motsa ba ta da aiki a wurina. Na mayar musu da abinsu, na ƙaro wata 'Yar talatin. Yanzu kyamara uku sun tashi dala 130, sai kati biyu-biyu masu gigabait 32 domin in riƙa musanyawa, da igiyar ƙarfe mai kwado guda ɗaya ta Babba. Sauran kuɗin na ajiye wa batiran hunturu.

Uwargida ta dubi rasit ɗin ta ce, "Baban yara, da kuɗin nan ai da rago ka saya mana." Ban ce komai ba, domin lissafinta bai yi nisa da gaskiya ba.

Asabar, 16 ga Agusta

An kafa. Na fesa wa wando da safa maganin kaska tun jiya, domin ƙananan kaskar dajin nan su ke ɗauke da cutar Laim, kuma Wiskonsin na cikin jihohin da ta fi yawa.

Babba tana bakin gonar wake, inda shingen waya ya karye, sawu ya yi turba har ƙasa ta lotsa. 'Yar talatin ta farko tana mashaya a bakin ƙorama. Ta biyun tana kan tudu, inda ya ɗan lanƙwasa tsakanin kwari biyu. Kowace na ɗaure ta daidai ƙuguna, mita 4 zuwa 5 daga turba, a karkace, yadda dabba za ta ƙetara idon kuma ta daɗe a cikin hoto. Duka sun fuskanci arewa ko kusa da haka, saboda rana mai fitowa ko mai faɗuwa in ta bugi idon takan tashe shi a banza, ta kuma wanke hoton ya yi fari. Na sare ciyawa da ƙananan rassa da ke gabansu. A inda itace ya karkata, na cusa ɗan kara a bayan kyamarar har ta kalli ƙasa daidai. Kowane kati a cikin kyamararsa na goge shi, ba a kwamfuta ba.

A bidiyoyin mafarautan wasu jihohi za ka ga an zuba masara ko an ajiye dutsen gishiri a gaban kyamara, barewa su taru a ƙirga su. A nan haramun ne a doka. A shekarar 2002 aka fara gano cutar CWD a jihar, a barewar da aka harbe kusa da Mount Horeb, ba nisa da wannan gona. Cuta ce ta gurɓataccen furotin mai lalata ƙwaƙwalwa, dabba ta rame har ta mutu, ba magani, kuma tana yaɗuwa ta miyau da fitsari da kashi. Tara dabbobi su ci a wuri ɗaya hanya ce ta baza ta, shi ya sa aka hana ajiye abinci ko gishiri a ƙananan hukumomin da ta shafa. Sai dai mutum ya karanta ƙasa ya kai kyamara inda suke bi da kansu.

Na yi wa kaina doka: ba zan leƙa ba sai bayan mako uku. Kowace shiga wari nake bari, kuma hancin barewa ya fi idonta aiki nesa ba kusa ba.

Asabar, 6 ga Satumba

Katunan farko. Na je da tsakar rana, da takalmin roba, na musanya na fito.

Bakin wake ya cika da hotuna. Wata uwa da 'ya'yanta biyu, ɗigon farin jikinsu ya fara dushewa, suna fitowa kusan kullum gab da magariba. Akwai wasu mata uku da ke tafiya tare. Akwai kuma maza huɗu a ƙungiya guda, kamar yadda suke yi da rani kafin gaba ta shiga tsakaninsu. A hotunan tsakiyar Agusta ƙahonsu na lulluɓe da fatar nan mai laushi. A na farkon Satumba na ga ɗaya fatar na reto a tsattsage, jini a jikin ƙahon, bayan kwana biyu kuma ya fito fes. Sauran katin talotalon daji ne, da kurege, da wani koyot mai kama da dila da ke wucewa da tsakar dare.

Mashaya ba ta kawo komai ba sai rakun, wata 'yar dabba mai yawon dare. Ruwa ya yi yawa ko'ina a kwarin, ba abin da zai tilasta wa barewa shan wuri ɗaya. Ta kan tudu kuma iska ta karyo wani reshe ya rataya a gabanta, ta ɗauke shi ɗaruruwan hotuna yana kaɗawa a rana, baturanta sun sauka rabi.

Na lura a ranakun da aka yi zafi sosai hotunan rana sun ragu a 'Yar talatin, alhali ga sabon sawu a turba. Idan ƙasa da ganye suka yi ɗumi kusa da na jikin dabba, bambancin da idon ke nema sai ya ƙanƙance. Na ɗaga ƙarfin jinta zuwa sama.

Na tura wa ƙanena a Bauchi hotunan. Ba barewar ce ta burge shi ba.

"Yaya, wannan ai ita muke nema a gona. Mu ga shanun wa ke shigar mana dawa."

Na ce masa da dare za ta yi, da sanyin hunturu ma za ta yi sosai. Amma a zafin Afrilu da tsakar rana kada ya dogara da ita, kuma ya tuna duk wanda ya gan ta zai iya kwance ta ya sa a aljihu.

Asabar, 27 ga Satumba

Bakin wake ya mutu. Daga tsakiyar wata hotuna suka fara raguwa, makon nan kuwa sai jefi-jefi, su ma da tsakar dare. Mazan nan huɗu sun watse. Da a ce kyamara ɗaya gare ni, da na ce ko ta lalace ko barewa sun bar gonar.

Katin kan tudu ne ya ba da amsa. Ganyen wake ya yi rawaya, ba sa son sa kuma, ga farin ok ya fara zubar da 'ya'ya. 'Ya'yan farin ok sun fi na jan ok daɗi a bakinsu domin ba su kai su bauri ba, kuma muddin suna zuba, barewa ba ta da dalilin fita fili. Uwar nan mai 'ya'ya biyu, da na gane ta da wata tsaga a kunnen hagu, yanzu a kan tudu take da safe, rana ta riga ta fito.

A nan ne araha ta yi ranarta. An ce araha ba ta ado, to ba adon nake nema ba. Kyamara uku marasa kyau a wurare uku sun nuna mini ƙaurar da ɗaya mai tsada ba za ta iya nunawa ba, komai kyan hotonta. Na kwance ta mashaya na kai ta gindin ok.

Asabar, 25 ga Oktoba

A gefen tsohuwar hanyar tarakta na iske tono. Namiji ya share ganye da kofato ya bar baƙar ƙasa, faɗinta ya kai tabarmar salla, da sawu ɗaya a tsakiya, wurin na tashin wani wari mai kauri. Daidai samansa akwai wani siririn reshe a tsayin ƙirjina, an tattauna bakinsa har ya zama zare-zare. Na dawo da Babba nan tun makon jiya, na sa ta a bidiyo na daƙiƙa 15.

Abin kallo ne. Namiji ya zo ya miƙe wuya, ya kama reshen da baki, ya goga goshi da gefen ido a jikinsa, sannan ya tona ƙasa, ya haɗa ƙafafun baya ya yi fitsari ya bi ta gwiwoyinsa ya sauka cikin tonon. Bayan sa'o'i wani ƙarami ya zo ya shinshina, ya waiga hagu da dama, ya yi nasa cikin sauri ya bar wurin. Mata ma suna tsayawa su taɓa reshen. Maza daban-daban har biyar suka ziyarci wurin, uku ban taɓa ganin su ba. Sai dai kusan duka da dare ne. Tono wurin ƙirga mazan unguwa ne, ba lalle wurin zaman jira ba. Bidiyon dare kuma yana shan batir, domin fitila a kunne take har a gama. Na mayar da ita hoto.

Mai gonar ya kalli bidiyon a wayata ya ce shekara da shekaru yana wuce reshen nan bai san abin da ake yi da shi ba. Shi ya ba ni labarin shirin Snapshot Wisconsin na DNR, hukumar kula da albarkatun ƙasa ta jihar, inda 'yan sa kai ke karɓar kyamara su kafa a filinsu, hotunan su tafi wurin masu bincike. A 2016 aka fara shi, Ayowa na cikin ƙananan hukumomi biyu na farko, a 2018 ya game jihar. Dabarar kanta tsohuwa ce. Tun shekarun 1890 wani mai ɗaukar hoto, George Shiras, yake ɗaura zare a turbar barewa a arewacin Mishigan, dabba ta taɓa zaren, garin maganiziyam ya tashi da haske da ƙara, ta ɗauki kanta hoto ta zura da gudu. Mujallar National Geographic ta buga hotunansa a Yulin 1906.

Ba ko'ina ake maraba da abin ba yanzu. Jihar Arizona ta hana amfani da kyamarar daji don farauta daga 1 ga Janairu, 2022, domin a hamada ruwa kaɗan ne, sai ka iske mashaya ɗaya an kewaye ta da kyamarori, masu su na ta zirga-zirga suna hana dabbobi sha. Yuta ta hana a watannin farauta, Kansas ta hana a filayen gwamnati a 2023. Na fahimci Arizona. Game da masu aiko hoto nan take kuwa, ni ma raina bai kwanta ba: waya ta yi ƙara kana kan kujera, ka ɗauki bindiga ka nufi wurin, wannan ya fi kusa da kiwo. Katin da sai bayan mako biyu zan gani labarin jiya yake ba ni, sauran aikin nawa ne.

Lahadi, 2 ga Nuwamba

Yau aka mayar da agogo baya da awa guda. Kyamarori irin nawa ba su san da wannan ba, barewa ma ba ta sani ba. In ba a gyara ba, hoton da ya ce bakwai da kwata ainihinsa shida da kwata ne, kuma bambancin shi ne tsakanin lokacin da doka ta yarda a yi harbi da lokacin da ba ta yarda ba. A jihar nan ana farawa minti 30 kafin fitowar rana, a tsaya minti 20 bayan faɗuwarta. Na gyara duka ukun, na kuma tsaya gaban kowace da wayata a hannu don hoton farko ya zama shaida.

Na zuba musu batiran litiyam. Takwas-takwas suke ci, kuma wannan ne ya cinye ragowar kuɗin har ya ɗan haura. Batir na gama-gari yana raunana da zarar sanyi ya sauka ƙasa da sifiri, alamar farko ita ce hoton dare ya yi duhu. Masu caji ƙarfinsu volt 1.2 ne maimakon 1.5, wasu kyamarori sai su ɗauka sun kusa ƙarewa. Litiyam na jure sanyi har digiri 40 ƙasa da sifiri. Aibinsa ɗaya, ma'aunin batir zai ta nuna cike har ranar da zai mutu farat ɗaya, don haka na rubuta ranar yau a jikin murfin da alƙalami.

Lokacin barbara ya kankama. Maza na yawo da rana tsaka, wuya a kumbure, hanci a ƙasa.

Asabar, 15 ga Nuwamba

Musanyar ƙarshe kafin buɗewa. An girbe masara a makon nan, mafakar da ke kwarin ta tafi, komai ya koma tudu.

Na zauna da takarda na fitar da hotunan mata kaɗai, na rana kaɗai, daga farkon Oktoba zuwa yau, kowanne da lokacinsa, na rage awa guda a na kafin canjin agogo. Na nemo tarihin iskar kowace rana na rubuta a gefe. Da yamma ba su da tsari. Da safe kuwa akwai: suna hawowa daga kwarin kudu, su bi ta lanƙwasar tudu zuwa makwancinsu a cikin sarƙaƙiya ta arewa, galibi cikin awa ta farko bayan fitowar rana. Wadda ta ba ni wannan bayani ita ce 'Yar talatin ta biyu, mai hoton da in ka buɗa shi sai ya farfashe. Na zaɓi wani kututture gabas da turbar, domin iskar wannan wata ta fi zuwa daga yamma ko arewa maso yamma, za ta kwashe warina ta yi bayana da shi.

Lahadi, 23 ga Nuwamba

Jiya ba abin da ya bi ta lanƙwasar. Tun da gari ya waye harbi ke tashi daga gonakin maƙwabta, kuma tsarin da dabba ta yi wata biyu tana bi, safiya ɗaya ta irin wannan ta isa ta rushe shi.

Yau na yi asuba a gefen mota, na sa rigata ruwan lemo, na hau tudu cikin duhu. Bakwai ta wuce da kaɗan mata uku suka hawo daga kudu, a jere, daidai inda takarda ta ce. Ba mai tsagar kunne a cikinsu. Na bar ta gaba ta wuce, ta biyu ta tsaya ta ba ni gefe, na yi bisimilla na harba. Ba ta yi nisa ba. Na iske ta da sauran rai na yanka.

Na yi mata rajista ta waya tun ina wurin, doka ta ba da zuwa ƙarfe biyar na yammacin washegari. Kan kuma na kai akwatin karɓar samfur na DNR don gwajin CWD, kyauta ne. Ba a taɓa tabbatar da cutar a jikin ɗan Adam ba, amma hukumomin lafiya sun ce kada a ci naman dabbar da aka same ta da ita, kuma a wannan yanki ba abin wasa ba ne. Naman yana firiza a leda, da kwanan wata a jiki, ba mai taɓawa sai sakamako ya fito.

Asabar, 13 ga Disamba

Sakamako ya fito, ba a ga cutar ba. An yi dambu da cinya ɗaya, an kai wa mai gonar nasa, ya ce yaji ya yi masa yawa amma kwanon ya dawo wayam.

Na zaga kyamarorin cikin dusar ƙanƙara. Babba lafiya lau. 'Yar talatin ta kan tudu ma tana aiki, sai dai igiyarta ta fara tsinkewa inda kurege ya ci. Ta gindin ok ce ta sha ruwa: robar bakin murfin ta saki, raɓa ta kwanta a cikin gilashi, hotunanta tun ƙarshen Nuwamba hazo ne. Na kawo ta gida na cire batura na bar ta a buɗe kusa da hita. In ta warke za ta koma da ƙaramar jakar shan danshi a ciki, in ba ta warke ba dala 30 ce.

Biyun na bar su a daji. Na sauko da Babba gefen karan masara, inda yunwar hunturu za ta tara su, na rage ta zuwa hoto ɗaya a tashi da tazarar minti guda don batir ya kai bazara. Maza kan zubar da ƙaho tsakanin Janairu da Maris, ina so in ga waɗanne ne cikin biyar ɗin suka tsira, mai gonar kuma yana so ya san mata nawa suka rage kafin ya shuka wake. Musanya ta gaba sai tsakiyar Janairu, in hanyar tudun ta bari mota ta hau.